Gyaran Gida: Idan Berni Ya Fara Ɓarewa a Daɓen Katako

 

Wasiƙar da za mu duba a wannan fitowa daga nesa ta zo, daga hannun wani yayanmu da ke zaune da iyalinsa a gidan haya a birnin Bordo na ƙasar Faransa. Ya ce ɗakin zamansu daɓen katako gare shi, na itacen da mutanen can ke kira pin. An rine shi da launin ƙasa mai duhu, aka bi shi da berni, wato man nan mai sheƙi da kafintoci ke rufe katako da shi. Daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ɗaki bernin ya dushe, ya yi fari-fari, yana tashi kamar ɓawon albasa. Bara ya sayo gwangwani guda ya malala a kai, ɗaki ya yi kyau na wata huɗu, sa'an nan sabon ya soma ɓarewa, yana ɗauko tsohon tare da shi. Autarsu tana rarrafe, har sau biyu ana cire mata sartse a gwiwa. Ga wa'adin haya ya kusa cika, yana tsoron kada mai gidan ya riƙe kuɗin ajiyar da ya biya ranar shiga. Tambayarsa ita ce: wane berni ne ya fi ƙarfi, ya je ya saya?

Yaya, amsar da zan ba ka a taƙaice ita ce ka dakata da sayayya tukuna. Mai yiwuwa bernin da ka shafa bara ba shi da laifin kome. An ɗora shi ne a kan abin da ya riga ya saki katako, kuma duk wanda za ka ɗora bana, kome tsadarsa, hanyar da na bara ya bi zai bi. Wanda ya taɓa yin yaɓe a kan bangon da tsohon yaɓensa ke zuba ya san abin da damina ke nuna masa. Aikin farko shi ne a gano abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa. Gwangwani shi ne na ƙarshe a lissafi.

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi siminti ko tayil suke takawa a ɗakunansu, domin gara ba ta bar mu mun saba da daɓen katako ba. Duk da haka kada a tsallake shafin. Ƙofofinmu da tebura da bencina da kantocin shago, galibi da farin katako ake yin su, irin ayus da ake ɗaukowa daga dazuzzukan Kamaru a kai arewa, wanda a Gana ake kira wawa, ba don ya yi wata wauta ba. Masana tsirrai ba su sa ayus cikin dangin pin ba, amma wajen laushi da shan ruwa halinsu ya yi kusa, kuma bernin da ke kansu ciwo iri ɗaya yake yi.

Halin katako mai laushi

Pin da danginsa, sapin da episeya, itatuwa ne masu ganye siriri kamar allura, masu saurin girma, shi ya sa katakonsu ke da araha. Kudu da Bordo akwai dajin Land, wanda ya kai kusan hekta miliyan ɗaya, mafi yawansa dashen hannu ne tun bayan dokar shekarar 1857 da ta wajabta wa garuruwan yankin janye ruwan fadamu da dasa itatuwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da wannan katako a daɓen gidajen yankin.

Laushin nasa a kan ma'auni ake ganinsa. Idan aka yanki busasshen katako mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, kaurin mita ɗaya, na pin zai yi kimanin kilo 500, na ayus bai cika 400 ba, alhali iroko da muka sani yana kai wa wajen 650, itacen shen na Turai kuwa wajen 700. Katakon pin yana da halaye huɗu, kuma kowanensu yana da hannu a wahalar berni.

Na farko, yana lotsewa. Dunduniyar takalmi, ƙafar kujera, ko cokalin da yaro ya jefar, duk suna barin gurbi. Berni fata ce mai tauri da aka shimfiɗa a kan abu mai laushi, kamar a ɗora gilashi bisa katifa. Idan ƙasan ya lotsa sai saman ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan shi ne ruwa.

Na biyu, ba ya shan rini daidai. Kowace shekara itacen yana yin zobe biyu, ɗaya mai laushi da ya tsiro a farkon lokacin girma, ɗaya mai tauri da ya biyo baya. Mai laushin yana zuƙe rini kamar soso, mai taurin kuwa da ƙyar yake karɓa, shi ya sa daɓen pin da aka rina da gaggawa ke fitowa dabbare-dabbare.

Na uku, yana da ƙaro, musamman a idanun katako, wato gurbin da reshe ya fito. Idan zafi ya buga, ƙaron yakan narke ya tsattsafo, ya ɗaga abin da ke kansa.

Na huɗu, yana numfashi da iska. Lokacin laima falanki yakan kumbura ta faɗinsa, lokacin bushewa ya tsuke. A Faransa na'urar ɗumama ɗaki ce ke busar da shi a lokacin sanyi, a wajenmu kuwa hunturu ne. Duk wanda ya sayi ƙofar katako daga kudu ya ga yadda take buɗe baki a watan Janairu.

Lalle da jan farce

Kafin a ci gaba, wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu da mutane ke haɗawa, kuma iyayenmu mata za su riga kowa ganewa. Rinin katako kamar lalle yake: yana shiga jiki, ba ya ɓarewa, sai dai ya koɗe ko a kankare shi tare da fatar da ya kama. Berni kuwa kamar jan farce yake: a sama yake zama, yana sheƙi, kuma idan farcen na da maiƙo ranar da aka shafa, ba ya daɗewa sai ya tashi. Rini ke ba da launi, berni ke ba da kariya. Mafi yawan bernin daɓe na zamani daga foliyuretan ake yinsa, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗawa a Jamus a 1937, kuma iri biyu ne a kasuwa, mai mai da mai ruwa.

Tambayar da za ka yi wa daɓenka, yaya, ita ce: jan farcen ne kawai ya gaji, ko kuwa cin ya kai ga lallen? Idan launi yana nan daidai, sheƙi ne kaɗai ya tafi, aikin kwana biyu ne. Idan farin katako ya fara leƙowa, ko wurin ya yi toka-toka, an wuce nan.

Dalilan da ke sa berni ya saki katako sanannu ne. Akwai rinin da aka lafta da yawa ba a goge rarar ba, ko aka rufe shi bai bushe ba, sai berni ya kama rini maimakon ya kama katako. Akwai ɗora mai ruwa a kan rini mai mai kafin man ya gama bushewa. Akwai kaki da man goge daɓe da sabulai masu maiƙo da aka yi shekaru ana shafawa, waɗanda ba abin da ke manne musu. Akwai shafa sabon berni a kan tsoho mai santsi ba tare da an karce shi da sanfefa ba, kuma ina kyautata zaton wannan da kakin su ne suka ci kuɗinka na bara. Akwai danshin da ke tasowa daga ƙasa ko daga bututu mai yoyo. A wajenmu akwai ƙarin wani dalili: baƙin man mota da ake shafa wa katako don korar gara. Katakon da ya sha baƙin mai ya yi sallama da berni.

Gwaji huɗu kafin a kashe ko sisi

Dukansu a wani lungu za a yi su, bayan ƙofa ko ƙarƙashin kujera, sa'an nan a maimaita a inda ya lalace.

Gwajin ruwa. A ɗiga cokali ɗaya na ruwa a jira minti goma. Idan ya tsaya dunƙule a sama, bernin na nan da ransa. Idan ya nutse katako ya yi duhu, kariya ta ƙare a wurin.

Gwajin kaki. A jiƙa farin tsumma da farin man tsarma fenti, wanda a shago ake kira wayit-sifirit, a goga da ƙarfi. Idan tsumman ya ɗauko wani abu mai santsi, rawaya ko ruwan ƙasa, akwai kaki. A nan kada a yi wa kai ƙarya, domin ko kaɗan ya rage sabon berni zai tsattsage ya yi idanu kamar mai a kan ruwa.

Gwajin iri. A ɗiga alkol na aiki, irin na shagon fenti. Idan rufin ya yi laushi yana danƙo, shalak ne, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, wanda ake yawan samu a tsofaffin gidaje. A wani wurin a ɗiga asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Idan ya narke nan take, bernin seluloz ne irin na kayan ɗaki. Idan duka biyun ba su yi masa wani abin kirki ba, foliyuretan ne.

Gwajin manni. A sa reza a tsaga layuka shida a tsaye, shida a kwance, kusa da juna kamar gidan dara. A manna salatif mai ƙarfi a kai, a danna, a fizge. Idan salatif ya fito da tsabta, tsohon bernin yana riƙe da katako, ana iya gini a kansa. Idan ya ɗauko ɓarɓashi, duk abin da ke wurin sai ya sauka.

Idan kuma falankan sun lanƙwashe kamar kwale-kwale, gefensu ya fi tsakiyarsu tsawo, ko akwai warin ruma, to matsalar danshi ce. A nemo inda ruwa ke fitowa a toshe, a bar katako ya bushe makonni. Kafinta mai na'urar auna danshi zai so ya ga kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari kafin ya taɓa buroshi.

Gyara hawa uku

Hawa na farko na daɓen da ya ci gwajin manni ne, ba kaki a kansa, launi kuma bai taɓu ba. A wanke shi da tsumma mai ɗan danshi da sabulu marar maiƙo, a bari ya bushe. A bi shi da sanfefa mai lamba 150 ko 180, da hannu marar nauyi, har sheƙin ya mutu ko'ina. Lambar tana bayan takardar, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Manufar ita ce a yi wa tsohon berni ƙananan karce da sabon zai riƙe, saboda haka a kula kada a huda shi a kai ga rini. A kwashe ƙura sarai, a gwada a faɗin tafin hannu biyu, a jira kwana uku, a sake gwajin salatif. Idan ya riƙe, sai a shafa wa ɗakin duka hannu ɗaya ko biyu.

Hawa na biyu na inda lalacewar ta tsaya a wuri ɗaya ne, kamar bakin ƙofa. Sirrinsa shi ne a gyara falanki cikakke daga gaɓa zuwa gaɓa, kada a yi faci a tsakiyarsa, domin ido ba ya kama bambancin launi idan ya faɗa a kan layin da ke tsakanin falanki biyu. A kewaye wurin da salatif na masu fenti, a kankare, a goge da lamba 80 sa'an nan 120. Inda katako ya lotsa ba tare da ya yanke ba, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna dutsen guga mai zafi na ɗan lokaci, tururi zai tashe shi. Wannan dabara a kan tsiraran katako kawai take aiki. Wajen launi a fara da wanda ya fi na daɓen haske, domin ƙara duhu abu ne mai sauƙi, rage shi kuwa sai an koma ga sanfefa. A kuma sani cewa pin yana ƙara ja da rawaya da hasken rana, don haka sabon wuri zai fi maƙwabtansa haske na wasu watanni.

Hawa na uku shi ne a sauke kome a koma ga farin katako. Bisa ga abin da ka bayyana, yaya, berni biyu suna tashi tare kuma sartse ya fito, ina jin nan za ka tsaya. A fara da nutsar da kawunan ƙusoshi milimita biyu ko uku cikin katako. Injin goge daɓe ana samunsa haya a shagunan kayan gini na can. A bi lambobi a jere: 40 idan rufin mai kauri ne, sa'an nan 60, 80, a ƙare da 100 ko 120. Kada a tsallake lamba, domin karcen da mai kaushi ya bari rini zai fito da shi ɓaro-ɓaro. A bi tsawon falanki. Kada a tsayar da inji wuri ɗaya yana juyawa, ko na daƙiƙa biyu ne, domin a kan pin rami zai haƙa. Ƙaro yana toshe takarda da wuri, a riƙa canzawa.

A nan ne ake neman gira a rasa ido. Kowace guga tana cin kimanin milimita ɗaya na katako, kuma falankan da ke shiga cikin juna suna da iyakar abin da za a ci kafin bakinsu ya yi siriri ya karye. A zura wuƙa siririya tsakanin falanki biyu a ga kaurin da ya rage a sama. Idan bai wuce milimita biyu ko uku ba, a bar inji, a nemi gwani.

Bayan guga sai rini. Domin kauce wa dabbare-dabbare, a fara shafa hannu ɗaya tsararo na abin toshe ƙofofin katako da kamfanin rinin ya tanada, ko shalak marar kaki da aka tsarma sosai. A kan idanun katako a ɗan ƙara shalak ɗin, domin yana tare ƙaro. A shafa rini falanki uku ko huɗu a lokaci guda, a jira minti biyar zuwa goma, a goge rarar da busasshen tsumma. Rini mai mai yana bukatar aƙalla kwana ɗaya, idan kuma berni mai ruwa zai hau kansa a ba shi kwana uku. Alamar bushewa ita ce a goga farin tsumma ya fito fari. Abin da ya fi aminci shi ne rini da berni su fito daga kamfani ɗaya, kuma a karanta bayan gwangwani, ko a sa ɗan makaranta ya karanta.

Berni hannu uku ake yi, kowane siriri. Mai kauri sama yake bushewa ya bar ciki ɗanye. Lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a hannu ɗaya, saboda haka ɗaki mai mita 4 da mita 5 zai ci wajen lita 6. Mai ruwa yana karɓar hannu na gaba bayan awa biyu zuwa huɗu, warinsa kaɗan ne, ba ya canza launi sosai. Mai mai sai ya kwana, kuma yana ƙara rawaya da shekaru. Tsakanin hannu da hannu a bi da sanfefa mai laushi a share. A fara daga lungu mafi nisa a ƙare a bakin ƙofa, kada mutum ya rufe kansa a kusurwa ya rasa mafita. Yanayin da ya fi dacewa shi ne zafi tsakanin digiri 15 da 25. A ƙasashenmu a guji ƙurar hunturu da tsakar ranar bazara, a kuma sani laimar Agusta tana jinkirta bushewa.

Ga wanda gidan nasa ne, akwai wata hanya da ta dace da katako mai laushi, wato man da ke shiga cikin katako, wanda ake haɗawa da kaki mai tauri. Ba ya yin fata a sama, don haka ba abin da zai ɓare, kuma inda ya gaji ana gyara wurin kaɗai. Kuɗinsa shi ne a riƙa sabunta shi lokaci lokaci, kuma wanda ya zaɓe shi ba zai koma ga berni ba sai ya sake guga.

Abin da ya fi daɓe tsada

Lafiyar iyali ta fi kowane daɓe. Ƙurar katako ba ƙurar wasa ba ce: tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa wannan ciwo ga ɗan Adam. A sa takunkumi na ainihi mai tace ƙura, rawani ko gyale ba su isa ba.

Idan gidan tsoho ne kuma akwai ragowar fenti a kan falankan ko a gindin bango, a yi tunanin dalma. A Faransa doka ta wajabta binciken dalma ga gidajen da aka gina kafin 1 ga Janairu 1949 idan za a sayar ko a ba da haya, don haka ka duba takardun da aka ba ka ranar shiga. Mu ba baƙi ba ne ga sharrin wannan guba, domin a 2010 ƙurar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara. Yaro mai rarrafe, mai kai hannu baki, shi ne na farko da take kamawa. Fenti mai dalma ba a goge shi a bushe.

Ranar shafa a fitar da yara da mai juna biyu da mai ciwon asma, su kwana biyu ko uku wajen dangi. A buɗe tagogi. Kada a kunna gas ko gawayi ko kaskon turaren wuta kusa, domin tururin berni mai mai yana kama wuta.

Tsummokaran da suka sha mai, musamman man lin da ke cikin rini da yawa, suna yin zafi da kansu yayin bushewa, kuma idan aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya tashi da wuta ba tare da ashana ba. A watan Fabrairu na 1991 irin waɗannan tsummokara suka tayar da gobara a wani dogon bene a birnin Filadelfiya na Amurka, ƴan kwana-kwana uku suka rasu. A shanya su ɗaya ɗaya a waje, ko a nutsar da su a gwangwanin ruwa mai murfi. Buhun garin katako ma kada ya kwana a ɗaki.

Maganar haya

Gidan haya amana ce a hannunka, kuma daɓen na mai shi ne. Kada ka sa inji a kai sai ka rubuta masa ya amsa a rubuce. Dokar Faransa ta 1987 da ta lissafa gyare-gyaren da ke kan ɗan haya ta ɗora masa kula da bernin daɓe ta yau da kullum da canza ƴan falanki kaɗan. Lalacewar da tsufa ya kawo kuwa, dokar haya ta 1989 ba ta ɗora ta a kansa ba. Ka ɗauko takardar da kuka cika ranar shiga, wadda ta bayyana halin kowane ɗaki, ka ɗauki hotuna, ka tambayi shekarar da aka yi wa daɓen berni na ƙarshe. Ka kuma faɗa masa gaskiyar abin da ka shafa bara, domin zai gani ko ba ka faɗa ba, kuma magana ta fi daɗi idan daga bakinka ta fito. Sau da yawa akan daidaita a raba kuɗin aiki. Kafin nan, ka goge bakin wuraren da ke da sartse da sanfefa, ka shimfiɗa tabarma mai kauri saboda ƴar auta.

Bayan an gama

Berni yana bushewa a taɓa cikin awoyi, amma ƙarfinsa na gaskiya sai bayan mako ɗaya zuwa biyu ga mai ruwa, kusan wata guda ga mai mai. A wannan tsakani a taka da safa, kada a ja kujera, kada a shimfiɗa darduma ko kafet, musamman mai roba a ƙasa. Daga baya a liƙa wa ƙafafun kujeru ƙyalle mai kauri.

Al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa babbar gata ce ga daɓen katako, domin yashin da takalmi ke shigowa da shi sanfefa ne da ke aiki dare da rana. Inda muke cutar da shi wajen ruwa ne. Ƙafar da ta fito daga alwala tana ɗiga, butar da aka ajiye tana yoyo, da wankin ɗaki da bokiti kamar yadda ake yi wa siminti, su ne ke kashe berni a gidajenmu. A ajiye tawul a ƙofar makewayi. Idan yaro ya yi fitsari a tsane shi nan da nan, a bi wurin da ruwa gwargwadon bukata, a sake tsanewa, kada a bar ruwa ya kwanta. A nisanci ruwan jabel da man sheƙi na feshi. Ranar da aka ga sheƙin hanya ya fara dushewa, a yi gyaran hawa na farko tun launi bai taɓu ba, domin gyaran kwana biyu da aka yi a kan kari shi ke hana na mako biyu.

Yaya, ka yi gwajin nan huɗu a ƙarshen mako, ka rubuto mana abin da salatif ya ɗauko da abin da mai gidan ya ce. Allah Ya raya ƴar auta, Ya sa a rabu da mai gida lafiya. Sauran masu tambaya a kan tsagewar siminti da yoyon rufin kwano, wasiƙunku sun iso, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah Ya so.